Yusuf Islam: abin da ya sa ya ajiye jita, da abin da ya sa ya sake ɗaukarta

Yawancin masu ba da labarin Yusuf Islam a wajenmu a wuri ɗaya suke tsayawa. Za su ce maka an yi wani shahararren mawaƙi a Ingila mai suna Cat Stevens, duniya ta buɗe masa, ga kuɗi ga suna, sai wata rana teku ta nemi cinye shi, ya kira Allah, Allah ya kuɓutar da shi, ya musulunta, ya bar waƙa. Daga nan sai a yi kabbara a rufe zance. Labarin gaskiya ne, sai dai an datse shi a tsakiya. Mutumin nan ya yi kalmar shahada yana ɗan shekara 29, yanzu kuwa ya haura 75, kuma tun 2006 ya koma rera waƙa da kiɗan jita. Rayuwar da ya yi bayan shahada ta fi ta baya tsawo, ta fi ta tsada, kuma a ganina ita ce ta fi cancanta a zauna a warware.

An haife shi a Landan ranar 21 ga Yuli, 1948, aka raɗa masa suna Steven Demetre Georgiou. Mahaifinsa Stavros Bagirke ne daga tsibirin Saifurus, mahaifiyarsa Ingrid kuwa 'yar ƙasar Suwidin. Suna da gidan abinci mai suna Moulin Rouge a titin Shaftesbury, a tsakiyar unguwar gidajen wasan kwaikwayo, kuma a saman benen suke kwana. Yaron ya tashi yana kai wa baƙi abinci yana kwashe kwanuka, da dare kuma kiɗan gidajen wasa na shigo masa ta taga. Uba ɗan cocin Girkawa ne, uwa 'yar cocin Baftis, shi kuma aka sa shi makarantar Katolika. Iyayen sun rabu yana kimanin shekara 8. Wanda ya tashi tsakanin coci uku da harsuna uku, ba abin mamaki ba ne don ya girma da tambaya a bakinsa.

Yana ɗan shekara 15 mahaifinsa ya saya masa jita ta fam 8. Zane ya fara so, har ya shiga makarantar koyon zane ta Hammersmith, kuma daga baya shi ya riƙa zana bangon fayafayansa da hannunsa. A 1966 wani mai shirya waƙoƙi, Mike Hurst, ya ji shi, ya kai shi kamfanin Deram. Sunan Georgiou ya yi wa kasuwa nauyi, don haka ya koma Cat Stevens. Ya ce wata budurwarsa ce ta taɓa ce masa idonsa kamar na kyanwa, wato "cat" da Turanci. A farkon 1967 waƙarsa "Matthew and Son" ta kai matsayi na 2 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, a shekarar kuma ya yi rangadi tare da Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jita na Amurka. Yaro ɗan shekara 18, an sa masa kwat mai sheƙi, an cika masa waƙa da ƙaho da goge, ana tura shi daga wannan dandamali zuwa wancan.

Akwai wani ɗan ciniki na wancan lokacin da ya kamata a riƙe, domin zai dawo a gaba. Ya rubuta waƙar "The First Cut Is the Deepest", ya sayar wa mawaƙiya P. P. Arnold a kan fam 30. Bayan shekara 10 Rod Stewart ya rera ta har ta hau matsayi na 1 a Birtaniya, a 2003 kuma Sheryl Crow ta sake fito da ita. A tsarin Turawa, mai rera waƙa daban, marubucinta daban, kuma duk lokacin da aka sa waƙa a rediyo ko wani ya sake rera ta, akwai kason da ke shiga aljihun marubuci. Cat Stevens shi ke rubuta abinsa, shi ke rerawa. Wannan ne ya sa ko da ya yi shiru na tsawon shekaru, rijiyar kuɗinsa ba ta ƙafe ba.

Ana cikin wannan tashe, a ƙarshen shekarun 1960, tarin fuka ya kwantar da shi. Huhunsa ɗaya ya daina aiki, aka kwantar da shi a asibitin Sarki Edward na 7 da ke Midhurst, ya yi watanni a can, sannan ya yi kusan shekara yana jinya a gida. Saurayin da jiya 'yan mata ke yi wa ihu, yau ga shi kwance ana yi masa allura, ana fitar da gawar maƙwabcin gado. A nan ya fara karatun addinai da zuzzurfan tunani, ya daina cin nama, ya bar gemu, ya rubuta waƙoƙi kusan 40. Masu cewa teku ce ta canza shi sun manta da wannan gadon asibitin. Tambayar mutuwa da abin da ke bayanta a nan ta kama shi, shekaru kafin ya taɓa Alƙur'ani.

Da ya miƙe sai ya sauya kamfani, ya koma Island Records na Chris Blackwell, ya haɗu da Paul Samwell-Smith mai shirya sauti da Alun Davies makaɗin jita. Suka zubar da ƙaho da goge, suka bar murya da jitar katako da fiyano. Cikin shekara uku ya fitar da kundayen da har gobe da su ake saninsa: Tea for the Tillerman a 1970, Teaser and the Firecat a 1971, sai Catch Bull at Four a 1972 wanda ya hau matsayi na 1 a Amurka. Wanda ya saurari waɗannan fayafayai da kunnen basira zai ga ba duka ba ne na soyayya. Akwai mai tambayar inda yara za su yi wasa idan an shafe ƙasa da siminti da manyan motoci. Akwai mai kiran mutane su hau jirgin zaman lafiya, lokacin yaƙin Biyetnam na ci. "Morning Has Broken" ma tsohuwar waƙar coci ce da Eleanor Farjeon ta rubuta a 1931, ya ɗauko ya rera, ta zagaye duniya. Sai "Father and Son", inda shi kaɗai yake yin murya biyu: ta uba can ƙasa, mai cewa a yi haƙuri a zauna, da ta ɗa can sama, mai cewa dole ya tafi. A riƙe wannan waƙar ita ma.

Shekarun da suka biyo baya ya yi su ne yana lalube. Ya leƙa addinin Buddha, ya leƙa ilmin taurari da lissafin lambobi, ya koma Barazil da zama saboda nauyin harajin Birtaniya. Kuɗi na shigowa, zuciya ba ta kwanta ba.

A tsakiyar shekarun 1970 ya shiga iyo a tekun Malibu da ke Kalifoniya, kusa da gidan Jerry Moss, shugaban kamfanin da ke sayar da fayafayansa a Amurka. Da ya juyo zai fito sai ya ga ruwa na janye shi, gaɓa na ƙara nisa, hannu ya gaji, babu kowa kusa. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa a nan ya roƙi Allah ya cece shi, ya yi alkawarin zai yi masa aiki, sai wata igiyar ruwa ta taso daga bayansa ta tura shi gaɓa. Bai san ta inda zai cika alkawarin ba sai da yayansa David ya dawo daga ziyarar Ƙudus ya kawo masa fassarar Alƙur'ani. Ya yi fiye da shekara yana karantawa shi kaɗai, ba malami, ba abokin tattaunawa. Ranar 23 ga Disamba, 1977, ya shiga babban masallacin Landan da ke Regent's Park ya karɓi Musulunci, a 1978 kuma ya ɗauki sunan Yusuf. Dalilin da ya bayar na zaɓen sunan shi ne ƙissar Annabi Yusuf, wanda aka sayar a kasuwa da 'yan dirhami kaɗan. Ya ce haka ya riƙa jin kansa a harkar waƙa, haja ce ana taya shi. Wanda ya san labarin fam 30 ɗin nan zai gane abin da yake nufi.

Ga inda ƙullin yake. Shin Musulunci ne ya hana shi waƙa? Shi kansa ya ce da ya tambayi limamin masallacin, limamin ya ce masa babu laifi ya ci gaba muddin abin da yake faɗa mai tsabta ne. Daga baya wasu suka kawo masa ɗaya fahimtar. Saɓanin tsoho ne, mu ma mun san shi. Masu haramta kayan kiɗa suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Bukhari wanda ya ambaci mutanen da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa, kuma mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tsananta a kan kayan kiɗa masu tsirkiya da na busa, suka sassauta a kan ganga mai fuska ɗaya a biki da salla. A ɗaya ɓangaren akwai Ibn Hazm na Andalus, wanda bai yarda da ingancin hujjojin haramcin ba, da Imam Gazali wanda ya ware babi guda a kan sauraro, ya ɗora hukunci a kan abin da waƙar ta ƙunsa da halin mai sauraro. Duk wanda ya san yadda ake jayayya a Kano a kan bandirin Ƙadiriyya da kiɗan sha'irai ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Sabon Musulmi, ɗan shekara 30, bai iya Larabci ba, ya tarar da malamai sun rabu biyu. Sai ya bi hanyar barin abin da ke da shubuha.

Amma fiƙihu kaɗai bai isa ya bayyana abin da ya yi ba. Da jita ce kawai matsalar, da ya ajiye ta ya ci gaba da hawa dandamali da murya. Abin da ya gudu daga gare shi ya fi jita faɗi: giya da ƙwaya a bayan fage, rangadin da ba ya ƙarewa, kwangilar da ke tilasta maka fitar da faifai ko kana da abin faɗa ko ba ka da shi, da taron dubban mutane da ke kallonka kamar abin bauta. Mutumin da ya karanta tauhidi yanzu-yanzu, wannan na ƙarshen ya fi komai tsorata shi. Ya biya bashin kwangilarsa da kundin Back to Earth a ƙarshen 1978, ya auri Fauziyya Mubarak Ali a watan Satumba na 1979, ya yi wasansa na bankwana a Wembley a watan Nuwamba don tara wa UNICEF kuɗi, sannan aka yi gwanjon kayan kiɗansa aka ba da kuɗin sadaka.

Shekarun da ake kira na shiru, aiki ya yi a cikinsu. A 1983 ya kafa makarantar firamare ta Islamia a arewa maso yammacin Landan, saboda ya rasa inda zai kai 'ya'yansa. A Birtaniya gwamnati ta daɗe tana ɗaukar nauyin makarantun coci da na Yahudawa, na Musulmi kuwa babu ko ɗaya. Shekara 15 aka yi ana nema ana hanawa, sai a 1998 gwamnatin Tony Blair ta amince, Islamia da Al-Furqan ta Bamingam suka zama na farko. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar agaji ta Muslim Aid a 1985, lokacin yunwar Habasha, kuma ya shugabance ta shekaru. Daga ina kuɗin makarantar ke fitowa kafin gwamnati ta sa hannu? Kaso mai tsoka daga tsofaffin waƙoƙin Cat Stevens. Wato jitar da ya ajiye ita ke biyan albashin malaman Alƙur'ani. Ban ɗauki wannan a matsayin abin kunya ba, amma yana nuna cewa rabuwar ba ta taɓa zama gaba ɗaya ba, kuma na tabbata mutum mai tunani irinsa ya san da haka.

Akwai tabon da ba za a tsallake ba. A watan Fabrairu na 1989, bayan Ayatullahi Khumaini ya ba da fatawar kashe marubuci Salman Rushdie saboda littafinsa The Satanic Verses da aka zarga da ɓatanci ga Manzon Allah, an tambayi Yusuf a wata lacca a kwalejin Kingston, ya amsa da cewa hukuncin ɓatanci kisa ne. Daga baya a wani shirin talabijin ya yi maganganun da suka fi wannan zafi. Gidajen rediyo da dama a Amurka suka daina sa waƙoƙinsa, wata ƙungiyar mawaƙa, 10,000 Maniacs, ta cire waƙarsa da ta rera daga faifanta. Ya sha nanata cewa bai taɓa goyon bayan fatawar ba, cewa bayanin abin da ke cikin littattafai ya yi, kuma na talabijin ɗin barkwanci ne da bai dace ba, ya yi nadama. Masu sukarsa, har da shi Rushdie, ba su karɓi wannan bayani ba. Abin da na fahimta shi ne, an ɗora wa ɗalibi rawanin mufti saboda sunansa, shi kuma bai ce a tambayi malamai ba. Magana zarar bunu ce, kuma wannan ta bi shi fiye da shekara 30.

Komawarsa waƙa a hankali ta zo, taki-taki. Tun 1980 ya yi wa 'yarsa ta fari Hasana 'yar waƙar koyon baƙaƙe, "A is for Allah", wadda daga baya ta shiga gidajen Musulmi a faɗin duniya. A 1995 ya fitar da tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a faifai, da murya da ganga kawai. Sai yaƙin Bosniya. Ministan harkokin wajen ƙasar, Irfan Ljubijankić, likita ne mai rubuta waƙa. Ya ba Yusuf kaset ɗin wata waƙarsa, ba da daɗewa ba aka harbo jirginsa mai saukar ungulu a 1995, ya rasu. Yusuf ya ga yadda mutanen da aka yi wa ƙawanya suke riƙe da waƙa kamar abinci, a 1997 kuma ya hau dandamali a Sarayebo, babban birnin Bosniya, karon farko bayan kusan shekara 18. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, ya fito ya yi tir da shi, ya rera tsohuwar waƙarsa ta zaman lafiya ba tare da kiɗa ba, ya ba da wani kaso na kuɗin fayafayansa ga iyalan mamatan.

Duk da haka, a watan Satumba na 2004 yana cikin jirgin United Airlines daga Landan zuwa Washinton tare da 'yarsa, sai aka karkatar da jirgin zuwa Bangor a jihar Maine. Jami'ai suka shigo suka fitar da shi, sunansa na cikin jerin waɗanda aka hana shiga Amurka, aka mayar da shi gida. Sakataren harkokin wajen Birtaniya, Jack Straw, ya kai ƙorafi wurin takwaransa na Amurka, Colin Powell. Bayan wata biyu, a birnin Rum na Italiya, taron waɗanda suka ci kyautar Nobel ta zaman lafiya ya ba shi lambar yabo, Mikhail Gorbachev, tsohon shugaban Tarayyar Sobiyat, ne ya miƙa masa. Jaridun The Sun da Sunday Times da suka danganta shi da ta'addanci sai da suka nemi afuwa suka biya diyya a 2005, ya ba da kuɗin ga marayun ambaliyar tsunami. A shekara ɗaya, ƙasa ɗaya ta kore shi, wani taro ya karrama shi. Ina jin a nan ya gama gane cewa lacca ba ta kai inda waƙa ke kaiwa, kuma waɗanda suka fi bukatar su ji shi, harshe ɗaya kawai suka san shi da shi.

Ita jitar kuwa ɗansa Muhammad ne ya shigo da ita gida a farkon shekarun 2000. Yusuf ya ce da ya samu kansa shi kaɗai sai ya ɗauka, ya ɗora yatsu a kan tsirkiya, ya tarar yatsun ba su manta wurinsu ba bayan fiye da shekara 20. Amma bai fito ba sai da ya koma ga littattafai. Hujjojinsa, waɗanda ya tara a wani ɗan littafi a 2014, su ne: babu ayar da ta ambaci kiɗa da suna ta haramta shi, malaman farko sun yi saɓani, kuma kayan kiɗa masu tsirkiya irin su udu ta hannun Musulmin Andalus suka bunƙasa a Turai. A Nuwamba 2006 ya fitar da An Other Cup, shekara 28 bayan kundinsa na ƙarshe, da suna Yusuf kawai a bango.

Nan ma bai tsira ba. Wasu Musulmin da suka yi shekaru suna kafa misali da shi a wa'azi suka ce ya ja da baya. Wasu Turawan kuma suka yi murna cewa Cat ɗinsu ya dawo, kamar shekarun tsakiya mafarki ne. Duka biyun ban ga sun yi masa adalci ba. Bai bar salla ba, bai rufe makarantunsa ba, bai daina aikin marayu ba. Ra'ayi ɗaya na malamai ya bari ya kama wani, a kan mas'alar da aka yi ƙarnoni ana saɓani. Wanda ya gamsu da haramcin yana da malamansa da hujjojinsa, kuma ba sai ya saurari faifan ba. Abin da ba shi da shi shi ne ikon raba labarin mutum biyu, ya riƙe rabin da ya yi masa daɗi. A 2014 aka shigar da shi zauren girmama manyan mawaƙa na Rock and Roll a Amurka, ƙasar da ta taɓa mayar da shi daga filin jirgi. A watan Maris na 2019, bayan kisan masallata 51 a birnin Christchurch na ƙasar New Zealand, shi aka gayyata ya rera waƙar zaman lafiya a taron makokin ƙasar. A Yuni 2023 ya tsaya a gaban taron Glastonbury, babban bikin kiɗa na Birtaniya, farin gemu har ƙirji. Sunan da yake sawa yanzu a fayafayansa shi ne Yusuf / Cat Stevens, duka biyun, da 'yar sanda a tsakani.

A 2020, da kundin Tea for the Tillerman ya cika shekara 50, ya sake rera shi gaba ɗaya. Da aka zo kan "Father and Son", sai aka ɗauko muryarsa da aka naɗa a wani wasa da ya yi a Los Anjalas a 1970, lokacin yana ɗan shekara 22, aka bar ta a matsayin muryar ɗa. Shi kuma, yana da shekara 72, da jikokinsa, ya rera ta uba. Saurayin na ta faɗin dole ya tafi, bai san tekun Malibu ba, bai san masallacin Regent's Park ba, bai san Bangor ba. Dattijon da ya taka duk wuraren nan yana amsa masa da murya mai kauri, yana ce masa ya yi a hankali.